Sakin Bakin Yara da Turanci: Darasi ga Malamai Mata da Iyaye a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke malamar firamare, da ke malamar Islamiyyar da aka haɗa wa darasin boko, har ma da ke uwa mai 'ya'ya a makaranta, ko da kuwa ba ki taɓa zama a benci ba. Tambayar da za mu bi ita ce: yaya za a yi yaro ya buɗe baki ya yi magana da Turanci a cikin aji?

Kowa ta san yadda abin yake a garuruwanmu. Yarinya ta kai aji shida, littafinta cike da rubutu tsaf-tsaf, ta haddace ma'anar "noun" da "verb" kamar yadda ta haddace sunanta, amma ki tambaye ta da Turanci a wace unguwa take, sai ta sunkuyar da kai ta kama murza bakin hijabi. Ba daƙiƙiya ba ce. Shekara shida aka yi ana ba ta labarin Turanci, ba a taɓa barin ta ta yi shi da bakinta ba. Kamar dai ki zaunar da budurwa kullum kina karanta mata yadda ake tuƙa tuwo, ba ta taɓa riƙe muciya ba, ran da aka kai ta ɗakinta kuma ki zo kina mamakin gudaji.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Ita wannan yarinyar muke fata gobe ta shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko ta koyon aikin lafiya ta Kankiya, ko Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ta dawo ta duba mu a asibiti ko ta karantar da jikokinmu. Ba a shiga ko ɗaya sai da kiredit a Turanci. Idan ta shiga kuma, da Turanci za a karantar da ita, da shi za ta yi tambaya in ba ta gane ba. Wadda ba ta saba buɗe baki ba tun tana ƙarama, can ma shiru za ta yi.

Akwai kuma maganar doka. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta tsara a fara karantar da yaro da harshen da ya tashi da shi, daga baya a juya zuwa Turanci, inda aka saba yin wannan juyi a aji huɗu. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi amfani da harshen uwa har aji shida. Sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wancan tsari, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Ni dai a nawa ganin, yaro ya fi saurin kama lissafi da kimiyya da harshen da yake mafarki da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 shaida ne: an karantar da yara da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. To amma ki lura da abu ɗaya, a can an ba darasin Turancin haƙƙinsa, da malaman da aka horar musamman don shi. Saboda haka ko wace doka ce ke ci, aikin sakin bakin yaro yana nan a wuyanki.

Mu fara da ɗan lissafi

A ce ajinki yara 70 ne, darasi kuma minti 35. Kin yi bayani, kin yi rubutu a allo, kin tsawata wa na baya, minti 25 sun tafi. Saura 10. Idan za ki riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro bai samu ko daƙiƙa 9 ba. Gaskiyar magana ma ba haka ake rabawa ba. Yara biyar ko shida na gaba, masu ɗaga hannu, su ke cinye lokacin duka, sauran su shekara ba su furta jimla guda ba.

To yanzu ki haɗa su biyu-biyu, kowa da maƙwabcinsa na benci, ki ba su minti 6 su yi wa juna tambaya da amsa. Kowane yaro ya samu minti 3 ke nan, wato ninki ashirin na wancan. Ba ki sayi komai ba, ba ki jira an kawo littafi daga Katsina ba. Duk sauran dabarun da za mu kawo a kan wannan lissafi suke tsaye.

Na san abin da za ki ce: hayaniya, kuma hedimasta zai leƙo ya ga kamar aji ya fi ƙarfinki. Ki sanar da shi tun kafin ki fara. Sannan ki koya wa yaran alamar tsayawa tun ranar farko, misali tafi uku, su amsa da tafi uku su yi tsit. Ki yi ta gwada wannan alama har ta zauna kafin ki sake musu baki. Mata da mata, maza da maza. Yarinyar da ta fara girma ba za ta sake da namiji a gefenta ba, kuma babu dalilin da zai sa a takura ta. Abu na ƙarshe, kada ki ce "ku yi hira da Turanci" ki koma ki zauna. Ba su da abin faɗa, Hausa za su ɓarke da ita. Ki ba su tambaya ɗaya tak da farkon amsarta a allo, ki kira yara biyu gaban aji su nuna yadda ake yi, sannan ki saki sauran, ke kuma ki shiga tsakanin layuka kina kasa kunne.

Amshi, wato malama ta faɗa aji ya maimaita, yana da nasa gurbin. Da shi muka yi karatun allo, kuma yana horar da kunne da harshe. Sai dai a cikin amshi yaron da ke baya leɓe kawai yake motsawa, ke kuma kina jin ƙara kina zaton kowa ya iya. Ki yi shi minti biyu, aji duka, sannan rabi-rabi, sannan layi-layi, daga nan ki wuce zuwa biyu-biyu.

Jiki ya fara, baki ya biyo

Ga 'yan aji ɗaya da biyu, kada ki matsa sai sun yi magana a makon farko. Jariri ma wata da watanni yake yi yana saurare, ana ce masa kawo, zauna, bari, yana aikatawa, kafin ya ce uffan. A kan wannan ne wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, ya gina hanyarsa ta koyar da harshe tun a shekarun 1960: malami ya ba da umarni, ɗalibi ya amsa da jikinsa. Ki ce "Stand up" ki miƙe, su miƙe. Ki ce "Touch your nose" ki taɓa hanci. Bayan sau uku ko huɗu sai ki faɗa ba tare da kin motsa ba, a nan za ki gane wa ya ji, wa yake kallon maƙwabci. Sannan ki fara cakuɗa kalmomin da suka sani ta hanyar da ba su taɓa ji ba, kamar ki ce su ɗora littafi a ka, ko su taɓa ƙofa da gwiwar hannu. Za su yi dariya, dariyar kuwa alama ce sun gane.

Inda maganar take shigowa shi ne ran da kika miƙa musu ragama. Ki kira yarinya guda ta zama malama, ita ta ba da umarni, har ke ki bi. Ba abin da yara ke so irin su ga sun sa malama tsalle da ƙafa ɗaya. Daga nan kowane biyu su riƙa ba juna umarni. Da kalmomin aikin gida za ki iya cika zango guda: shara, wanki, daka, tankaɗe, ɗebo ruwa, hura wuta, kowanne da motsinsa.

Kasuwa a cikin aji

Wannan ita ce dabarar da na fi so a daɗe a kanta, domin yaranmu 'yan kasuwa ne tun suna goye. Wata tana talla bayan an tashi, wani yana raka babansa kasuwar Sheme ko ta Ɗandume, ya san kwano ya san tiya, ya san yadda ake taya kaya a ce albarka. Ma'ana tana kansa gaba ɗaya, kalmomin Turancin kawai za ki ɗora masa.

Ki sa su tara miki gwangwanayen madara da na tumatir, kwalin ashana, kwalin shayi, robar ruwa, ɗan ƙullin masara, na dawa, na waken soya, da curin auduga. Ki yanka tsohon kwali ki rubuta 50, 100, 200, 500, ya zama kuɗi. Ranar farko jimla uku sun isa: gaisuwa, "How much is it?", da amsar farashi. Kada ki ƙara. Rana ta biyu ki shigo da ciniki: "It is too expensive", mai kaya ya rage, mai saye ya biya. Rana ta uku canji. Rana ta huɗu a nemi abin da babu, mai kaya ya ce ya ƙare, ya tallata wani. Kin ga a mako guda sun yi lambobi, sun yi sunayen kaya, sun yi tambaya da amsa da ƙin amincewa cikin ladabi, ba ki rubuta ƙa'idar nahawu ko ɗaya ba.

Tunda aji ya cika, kada ki yi rumfa ɗaya a gaba, yara biyu na wasa 68 na kallo. Ki mai da kowane benci rumfa: na gaba su juyo su zama masu kaya, na bayansu masu saye, bayan minti 3 a yi musanya. Idan babu benci, a kan tabarma ko a ƙarƙashin darbejiya ma ya fi daɗi. Ki ba kowane mai saye 'yar takarda da abu uku da aka aike shi ya sayo da kuɗin da bai kai ba, dole ya yi ciniki. A nan ne za ki ji yaron da kike zaton bebe ne yana jayayya a kan naira hamsin.

Kasuwar kuma za ta tona miki wasu kurakurai da asalinsu Hausa ce. Mu muna cewa awaki uku, sai yaro ya ce "goats three". Muna cewa littafina, sai ya ce "book my". A Hausa mota mace ce, kwano namiji, sai ki ji ya kira mota "she". Ba shirme yake ba, tsarin harshensa ya ɗauko ya zuba sababbin kalmomi a ciki. Ki nuna masa a fili da Hausa: mu lamba tana bin bayan abu, su kuma tana gaba. Minti ɗaya na bayani da Hausa ya fi minti goma na kame-kame. Haka nan ki kula da 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50. A kunnen yaro ɗaya suke. A "thirteen" ƙarshen ake ja, a "thirty" farkon ake dannawa. Ki sa mai kaya ya faɗi ɗaya, mai saye ya rubuta abin da ya ji a ƙasa da yatsa.

Yaro ma ya yi tambaya

A yawancin azuzuwanmu malama ce kaɗai ke tambaya, shi ya sa ɗan sakandare zai iya amsawa amma ba zai iya ƙulla tambaya ba. Kuma tambayar Turanci tana da wuya gare mu, don a Hausa murya kawai muke ɗagawa, "kina zuwa" ta koma "kina zuwa?", su kuwa sai an juya kalmomi. Maganinsa buhu. Ki saka abu a cikin buhu, ludayi ne ko albasa ko makulli, su yi ta tambaya wadda amsarta i ko a'a: "Is it big?", "Can we eat it?", "Is it in the kitchen?" Tambaya goma suka samu, in ba su gano ba kin ci gari. Kacici-kacici ne dai da suka saba da shi a dandali. Bayan kwana biyu ki bar buhun, kowane yaro ya riƙe abu a zuciyarsa, abokinsa ya tambaya.

Ga 'yan aji huɗu zuwa shida, ki zaunar da su baya da baya. Ɗaya na riƙe da zanen da kika ba shi, gida da bishiya a damansa da akuya biyu a ƙarƙashinta, ɗayan na da fensir da takarda. Mai zane ya bayyana, ɗayan ya zana, ba leƙe. In sun gama su gwada. Amfanin wannan shi ne ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba, don haka maganar tana da dalili, ba irin ta "mene ne wannan?" alhali kowa na ganin alli ne ba. Da taswira ma ana yi: ki zana garinku, masallacin Juma'a, asibiti, tasha, kasuwa, ɗaya ya zama baƙon da ya sauka daga motar Funtuwa, ɗayan ya yi masa kwatance.

Tatsuniya kuma ba sai an tsaya dogon bayani ba. Ki ɗauki ta Gizo da Ƙoƙi wadda kowa ya sani, a yi ta da Hausa, sannan ki taƙaita ta a jimla shida masu sauƙi, kowace da zane. Rukuni na yara shida, kowa ya riƙe jimla ɗaya, su jera kansu daidai da labarin su faɗa.

Abin da malamar tajwidi ta riga ta yi miki

Ki dubi kalmomin da muka aro daga Turanci, za ki ga taswirar duk inda harshen ɗanki zai yi tuntuɓe. Fensir, famfo, fasinja, har firamaren kanta, duk da "p" suka zo muka mai da su "f". Direba da talabijin da "v" suka zo muka mai da ita "b". Burodi da sukundireba kuwa, baƙaƙe biyu ko uku ne a jere, muka cusa wasali a tsakani don bakinmu bai saba ba. Dalili shi ne "f" ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, tana yawo tsakanin "f" da "p", a bakin Bakatsine ma sau da yawa "h" take komawa, ki ji an ce hwari, an ce tahi.

To ga abin da malaman Turanci da yawa ba su lura da shi ba. Yaran nan da yamma suna Islamiyya, kuma a can an riga an koya musu mafitar haruffa. Harafin ف a tajwidi daga cikin leɓen ƙasa da kan haƙoran gaba na sama yake fita. Wannan ita ce "f" ta Turanci daidai wa daida. Ki ce wa yaro "yi mini fa'un ta tajwidi", ya samu "fan". Ya bar haƙoran a wurin ya saki murya, ya sa yatsa a maƙogwaro ya ji yana rawa, ya samu "van". Haka harafin ث mai ɗigo uku, wanda malamar tajwidi ke fama kada a mai da shi "s", shi ne sautin farkon "think" da "three". Harafin ذ kuma, wanda ake hana mayarwa "z", shi ne na "this" da "mother". Yaron da ke cewa "zis" da safe a firamare, da yamma yana fitar da sautin daidai a gaban wata malamar, ba wanda ya taɓa gaya masa abu ɗaya ne.

Saura "p", ita babu ta a Larabci. Ki ba kowa ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban baki: leɓɓa a rufe, a sake su da iska, takarda ta yi tsalle. Sannan wasan bango: bangon dama "pan", na hagu "fan", ki faɗi ɗaya su nuna. Ki bi da "pull" da "full", "best" da "vest", "sink" da "think". Kunne ya fara rarrabewa kafin a nemi baki ya yi. Na baƙaƙe a jere kuwa, su ja "sss" kamar kukan maciji sannan su faɗa kan sauran kalmar, sai "sukul" ta miƙe.

Minti 5 a rana ya isa wannan. Ba so muke su koma 'yan Ingila ba, so muke in sun yi magana Bayarabe ko Inyamuri ko likita daga Indiya ya gane. Abin dariya ma, a jarrabawar WAEC akwai takarda ta musamman a kan furuci, amma ba da baki ake amsa ta ba, ana zaɓen amsa ɗaya daga A zuwa D. Wanda ya saba jin sautin a bakinsa tun firamare shi ke tsallake ta ba da canki-canka ba.

Gyara, bulala, da yaron da ya yi shiru

Akwai makarantun da har yanzu ake cin tarar yaro ko a zane shi don ya yi Hausa. Ki bar wannan. Abin da yake koya wa yaro shi ne shiru ya fi aminci, mu kuwa shirun muke yaƙa. Haka dariyar 'yan aji. Ki kafa doka tun ranar farko, ba a yi wa mai kuskure dariya, kuma ki tsaya a kanta fiye da kowace doka. Idan yarinya ta ce "Yesterday I go to market", kada ki katse ta. Ki amsa kamar hira: "Oh, you went to the market! What did you buy?" Ta ji daidai ɗin, ba ta ji kunya ba, magana kuma ta ci gaba. Kuskuren da kika ji ya yi yawa a bakin mutane da dama, ki riƙe shi sai ƙarshen darasi ki gyara a allo ba tare da kiran suna ba.

Sannan ki koyi jira. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta tarar malamai ba sa jiran amsa fiye da kamar daƙiƙa ɗaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Wannan fa a yaran da ke amsawa da harshensu ne. Ina ga naki, da sai ya fassara tambayar, ya nemo amsa, ya sake juya ta? Ki ƙirga biyar a zuci. Ko ki bi tsarin da Frank Lyman ya fito da shi a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya gaya wa abokinsa, sannan a faɗa wa aji. Wadda ta riga ta gwada amsarta a kunnen ƙawarta ba ta cika jin tsoron ɗaga hannu ba.

Wani shirun kuma ba na kunya ba ne, kuma mu mutanen wannan yanki mun san shi. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, duniya ta ji sunanmu. Amma kafin nan da bayan nan ƙauyuka nawa aka tasa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, makarantu nawa suka zauna a rufe? A ajinki akwai yaron da ya yi shekara biyu ba karatu, ya girmi kowa, yana jin nauyin a ji bai iya ba. Akwai wadda ta ga abin da babba ma ba zai so gani ba. Littattafan Turanci kuwa cike suke da darasin "iyalina", "sana'ar babana", "ƙauyenmu". Kafin ki tsayar da yaro gaban aji ya faɗi aikin babansa, ki san ko uban na raye. Hanya mai sauƙi ita ce ki zana wani iyali na ƙirƙira a kwali, ki raɗa musu sunaye, duk zangon a kansu za a yi ta magana. Wanda ya so ya kawo nasa, ya kawo don kansa.

Ga wanda ya ƙi magana sam, kada ki tilasta. Ki bar shi a wasan umarni, yana amsawa da jiki. Ki ba shi aiki, shi ke riƙe buhu, shi ke raba kuɗin kwali. Wani lokaci tsohuwar safa da aka ɗinka wa maɓalli biyu a matsayin ido, aka zura a hannu, takan yi abin da lallashi bai yi ba: yaron da ba zai yi magana da bakinsa ba yakan yarda 'yar tsana ta yi a madadinsa.

Idan naki Turancin ne ke rawa

Kada wannan ya hana ki. Da yawa daga cikinmu ta irin waccan hanya ta kwafe allo aka karantar da mu. Darasin gobe jimla biyar yake bukata. Ki rubuta su da dare, ki faɗe su da ƙarfi kina wanke-wanke har su zauna. Idan kina da babbar waya, ƙamus na intanet yana furta kalma ki ji, ki duba wadda kike shakka kafin ki kai wa yara 70. Ku malamai biyu ko uku ku ware minti 10 na lokacin tara ku gwada wasan a tsakaninku tukuna.

Ke kuma uwa, naki ya fi sauƙi. In ya dawo, maimakon "me aka koya muku?" wanda amsarsa kullum "ba komai", ki ce "zo ka koya mini kalma uku". Ki maimaita, ki yi kuskure da gangan ya gyara ki. Ki nuna tukunya, tsintsiya, turmi, ki ce ya sunansu. Ki sa ya ƙirga miki kuɗin cefane da Turanci, ko ya ba ƙannensa umarni su yi ta tashi da zama a tsakar gida. Hausarki kuma ki ci gaba da yi masa ita cikakkiya, da tatsuniya da karin magana. Yaron da ya iya jera labari da harshen gida ya fi saurin jera shi da wani.

Malama, don ki san ko ana ci gaba, ki ware shafi a bayan rajista. Kullum, lokacin da suke biyu-biyu, ki tsaya kusa da yara biyar ki saurara, ki sa alama ɗaya daga uku a gaban sunan kowa: bai yi magana ba, kalma ɗai-ɗai, ko cikakkiyar jimla. A aji mai 70, kwana 14 na makaranta kin zagaye kowa. Ki fara da layin baya.